Yadda Ake Bin Zagayen Barbara a Jikin Macen Ɓera: Jagora Ga Ɗaliban Ɗakin Gwaji

Da zarar an raba wa ɗaliban ajin ƙarshe batutuwan bincike, ɗakin dabbobi sai ya cika. Wannan zai gwada ganyen zogale, waccan za ta gwada hulba, wani kuma ya zo da saiwar da ake sha a garinsu don tazarar haihuwa. Tambayarsu ɗaya ce: shin abin yana taɓa haihuwar macen ɓera? Ba a amsa ta sai mutum ya iya gane matakin da kowace ɓera take ciki a kowace safiya, kuma a nan ne aikin yawancinsu ke lalacewa. Wani ya ɗebi samfur yau da hantsi, gobe da la'asar. Wani ya zura bututu har bakin mahaifa. Wani ya duba sau ɗaya tak, ya rubuta cewa maganinsa ya hana fitar ƙwai. Dabbobi sun wahala, kuɗin iyaye ya tafi, sakamakon kuma ba abin dogaro ba ne. Abin da ya sa na rubuta wannan jagora ke nan.

Abin da ke gudana a jikin dabbar

Macen ɓera ba ta jinin al'ada. Zagayenta kwana 4 ne ko 5, kuma haka take maimaita shi duk shekara muddin ba ta da ciki. Umarnin yana farowa daga ƙwaƙwalwa. Wani sashe da ake kira haifotalamos yana sakin sinadarin GnRH kaɗan-kaɗan zuwa ga fituwitari, ɗan ƙullutun da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, shi kuma ya saki FSH da LH cikin jini. FSH ke rainon 'yan jakunkunan da ƙwai ke ciki a gidan ƙwai, jakunkunan kuma suna girma suna fitar da istirojin. Yawancin kwanakin zagayen istirojin danne LH yake yi. Amma idan ya taru ya kai ƙololuwa, a ranar da ake kira firo'istiros, sai lamarin ya juya, ya zama shi ke zuga ƙwaƙwalwa. Da la'asar ɗin ranar LH ya yi ambaliya cikin jini, furojestaron ya biyo baya, da duhu ya shiga mace ta yarda da namiji. Bayan awa 10 zuwa 12 da ambaliyar, wato tsakanin tsakar dare da asuba, jakunkunan su fashe, ƙwai goma ko fiye su gangara cikin bututun mahaifa.

Ku lura da kalmar la'asar, domin rabin jagorar nan a kanta ya rataya. A 1950 John Everett da Charles Sawyer na Jami'ar Duke a Amurka sun yi wa ɓeraye allurar maganin barci mai suna fentobabital dab da ƙarfe 2 na rana a ranar firo'istiros, a ɗakin da ake kunna fitila daga 5 na asuba zuwa 7 na yamma. Ƙwai bai fita a daren ba. Kuma da maganin ya sake su, jikin bai rama nan take ba, sai da ya jira la'asar ta gobe, awa 24 cif. Idan kuwa an yi allurar bayan ƙarfe 4, ba ta hana komai. Ashe sharaɗi biyu ne sai sun haɗu: istirojin ya cika, kuma agogon jiki, wanda haske da duhu ke saitawa, ya nuna lokaci ya yi.

Abu na biyu da ya kamata ku riƙe shi ne abin da ke biyo bayan fitar ƙwai. Gurbin kowace jaka yana zama rawayan ƙullutu mai fitar da furojestaron. A jikin mutum ƙullutun nan yana aiki kusan mako biyu. A jikin ɓera kuwa kwana ɗaya ko biyu yake yi ya mutu, shi ya sa zagayenta gajere ne, sai fa idan wani abu ya taɓa bakin mahaifa. Taɓawar ce ke sa fituwitari ya riƙa sakin furolaktin sau biyu a rana, furolaktin kuma ya raya ƙullutun. Jikin ba ya bambanta namiji da bututun ɗalibi. Za mu dawo kan wannan.

Duk wannan hawa da sauka ana karanta shi a fatar cikin farji. Istirojin na sa ta yi kauri, samanta ya bushe ya saɓule, da ya sauka kuma fararen ƙwayoyin jini su shigo su share wurin. Charles Stockard da George Papanicolaou ne suka fara nuna haka a 1917 a jikin ɓeran Masar, sannan Joseph Long da Herbert Evans na Jami'ar Kalifoniya suka fayyace shi a jikin ɓera a 1922. Papanicolaou ɗin nan shi ne daga baya ya kai dabarar ga mata, ta zama gwajin da ake yi a asibiti don gano sankarar bakin mahaifa da wuri. Aikin da za ku yi da safe ba ƙaramin asali gare shi ba.

Kayan aiki

- Fararen ɓeraye mata na ɗakin gwaji, yawanci irin Wistar, masu mako 8 zuwa 12, daga wurin kiwon da ke da tarihin haihuwarsu.
- Ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin 100, wato giram 9 na gishirin ɗakin gwaji a lita 1. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti mai wannan ƙarfin ya wadatar.
- Bututun ɗigo na roba mai santsin baki, ko fifet da kawunansa, ɗaya ga kowace dabba.
- Gilasan silaid masu tsabta da fensirin sa musu lamba.
- Madubin likita mai idon 10 da na 40.
- Rinin Giemsa da metanol, idan za a adana samfur.
- Safar hannu, rigar aiki, takunkumi, tawul ƙarami, sikeli, ma'aunin zafi, da littafi mai bango mai ƙarfi.
- Takardar amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji na makarantarku. Kafin ta fito, kada ku taɓa dabba.

Mataki na 1: Gyara ɗakin kafin dabbobi su iso

Awa 12 haske, awa 12 duhu, kullum a lokaci ɗaya. Duhun kuma na gaske ake nufi. Fitilar tsaro da ke leƙowa ta taga, ko mai gadi da ya bar ƙwan lantarki a kunne har safe, sun isa su rikita agogon jikin dabbar. Ɓerar da aka bari cikin haske dare da rana na makonni takan daina fitar da ƙwai gaba ɗaya, ta maƙale a mataki ɗaya. Idan ya zama dole ku shiga da dare, ku yi amfani da jar fitila mara ƙarfi, domin idon ɓera ba ya ganin ja sosai.

Ina sane da halin wutar lantarki a wurarenmu. Ɗakin da ba shi da taga, wuta ta zo ta ɗauke ba tsari, ya fi kowane ɗaki muni. Idan ba ku da sola da na'urar kunnawa da kashewa, gara ku dogara da hasken rana ta taga. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar tsawon yini ba ya nisa da awa 12 duk shekara, don haka rana ta fi ƙwan da ba shi da tabbas amana. Sai dai ku rubuta gaskiyar abin da kuka yi a rahotonku.

Zafin da ake so shi ne digiri 20 zuwa 24. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ɗaki mai rufin kwano yana iya kaiwa 40. Ɓera ba ta gumi irin namu, ta wutsiya take fitar da zafi, sai kuma yawun da take shafawa a jiki. Idan zafi ya yi mata yawa sai ta rage ci, zagayen ya tsaya. Wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, ya tsara aikinsa ya faɗo a damina ko farkon sanyi.

Mataki na 2: Bar su su huta, su saba da hannu

Bayan tafiyar mota, ku ba su aƙalla mako ɗaya ba tare da wani gwaji ba, mako biyu ya fi. Kullum ku ɗauki kowacce na ɗan lokaci ku mayar. Tsoro na tayar da sinadaran firgici, su kuma suna danne GnRH. Ku sa wa kowacce lamba a wutsiya da alƙalami mara gogewa, ku riƙa sabuntawa. Abinci iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Da yawa suna ba su abincin kaji, wanda galibi akwai waken suya a ciki, waken suya kuma yana ɗauke da sinadarai masu kwaikwayon istirojin. Sauya kamfanin abinci a tsakiyar gwaji yana iya kawo canjin da za ku ɗora wa maganinku.

Masu aiki da ƙananan ɓeraye, wato nau'in mouse, ba nau'in rat da nake kira babbar ɓera ba, su kula da wari. Tun 1955 van der Lee da Boot a Holan suka lura cewa mata da aka cunkusa a keji ɗaya babu namiji zagayensu yana tsawaita ko ya tsaya. A 1956 Wesley Whitten ya nuna warin fitsarin namiji yana tayar da su, da yawansu su shiga barbara tare a dare na uku. Hilda Bruce kuma a 1959 ta gano cewa warin baƙon namiji yana zubar da sabon ciki. Saboda haka kada a ɗora kejin maza kusa da wani rukuni a bar wani, kada kuma a taɓa maza sannan a taɓa mata da safar hannu ɗaya.

Mataki na 3: Tsayar da lokaci ɗaya

Ku zaɓi awa guda da safe, misali tsakanin 8 da 9, ku riƙe ta har ranar Juma'a, Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Dalili kuwa matakan zagayen huɗu ba tsawo ɗaya gare su ba. A babbar ɓera firo'istiros kimanin awa 12 zuwa 14 ne, istiros ya ɗan haura kwana guda, metistiros awa 6 zuwa 8 kacal, dayistiros kuma ya haura kwana biyu. Wanda ke sauya lokaci zai tsallake gajerun matakan, ya ga kamar zagayen ya rikice alhali shi ne ya rikice.

Mataki na 4: Riƙo

Ku sa tawul a kan tebur. Ku kamo dabbar ta ƙirji, babban yatsa da manuni a ƙarƙashin ƙafafun gaba, ba tare da matse numfashinta ba. Ko kuma ku bar ƙafafun gabanta a kan murfin keji, ku ɗaga bayanta ta gindin wutsiya. Gindin wutsiya na ce. Wanda ya ɗaga babbar ɓera ta ƙarshen wutsiya, idan ta juya fatar na iya saɓulewa a hannunsa, kuma raunin ba ya gyaruwa sai an yanke.

Ƙofofi uku ne a jere: ta fitsari a gaba a kan ɗan tsiro, farji a tsakiya, dubura kusa da wutsiya. Ku duba da kyau kafin ku kai hannu. Idan ta yi fitsari, ku goge ku ɗan jira, don fitsari na ɓata samfur.

Mataki na 5: Ɗibar samfur

Ku ja ɗigo biyu ko uku na ruwan gishiri, kimanin mililita 0.1 zuwa 0.2 ga babbar ɓera, ƙasa da haka sosai ga ƙarama. Kada ruwan ya zama mai sanyin firiji. Ku sa bakin bututun a ƙofar farji, kada ya wuce rabin santimita zuwa santimita ɗaya a babbar ɓera, a ƙarama kuwa milimita 1 zuwa 2, wato bakin ƙofa kawai. Ku matsa ruwan ya shiga a hankali, ku janyo shi, sau biyu ko uku, har ya ɗan yi gurɓi. Ku ɗiga a kan gilashi mai lambar dabbar.

Wannan shi ne matakin da ya fi cin ɗalibai. Mutum yana ganin idan ya zura da zurfi zai fi samun ƙwayoyi, sai ya taɓo bakin mahaifa. Furolaktin ya tashi, rawayan ƙullutu ya rayu, dabbar ta shiga cikin ƙarya: jikinta na ɗaukar tana da ciki alhali babu komai, ta zauna a dayistiros kwana 12 zuwa 14. Ɗalibi ya ga kwana goma babu barbara, ya yi murna ganyensa ya hana haihuwa. Hannunsa ne ya yi aikin. Saboda wannan ne ban son a fara koya da tsinken auduga, don busasshiyar auduga tana gurzar fata, tana jawo fararen ƙwayoyin jini, kuma ta fi saurin kaiwa can ciki. Sau ɗaya a rana ya isa. Idan samfur bai yi kyau ba, ku sake sau ɗaya a hankali, in bai yiwu ba ku rubuta haka ku bari sai gobe.

Kowace dabba da bututunta. Bututu ɗaya ga duka yana kwashe ƙwayoyin wannan ya kai gilashin waccan, yana kuma yaɗa cuta.

Mataki na 6: Dubawa a madubi

Ku duba tun ruwan bai bushe ba. Lokacin hunturu ɗigon yakan bushe cikin 'yan mintuna, gishirin ya daskare ya rufe komai, don haka ku ɗebi na dabba uku ko huɗu, ku duba, ku koma. Ku fara da idon 10, ku rage haske ta hanyar tsuke ƙofar hasken da ke ƙasa, domin ƙwayoyin da ba a rina ba haske mai yawa yana ɓatar da su. Ba a neman ƙwaya ɗaya, ana duba wace iri ce ta fi yawa a fili da yawa na gilashin.

Iri uku ne. Akwai zagayayyu masu cibiya a tsakiya. Akwai manya, shimfiɗaɗɗu, masu gefe ba tsari, babu cibiya, kamar dussar masara. Sai ƙanana ƙwarai, fararen ƙwayoyin jini.

Firo'istiros: zagayayyu masu cibiya sun fi yawa, sau da yawa a dunƙule, fararen ƙwayoyi kusan babu. Istiros: masu kama da dussa sun cika fili, wani lokaci a tare jingim. Metistiros: gauraye, busassun suna nan, fararen ƙwayoyi sun shigo da yawa sun kewaye su. Dayistiros: fararen ƙwayoyi ne mafi yawa, da 'yan masu cibiya jefi-jefi, wani lokaci da yauƙi, gilashin kuma yakan zama ba ƙwayoyi da yawa.

Inda ake ruɗewa shi ne gauraye, don ƙarshen dayistiros ma gauraye ne. Maganin wannan yana cikin littafinku: zagayen ba ya komawa baya. Gaurayen da ya biyo istiros metistiros ne, wanda ya biyo dayistiros kuma hanyar firo'istiros ce.

Idan kuna son adanawa don malami ya gani, ku bar ɗigon ya bushe a iska, ku zuba metanol, ku rina da Giemsa kamar yadda ake yi wa gilashin gwajin zazzaɓin cizon sauro, ku ɗauraye a hankali. A makon farko ina ba kowa shawarar ya rina, don cibiyar ta fito fili ido ya saba.

Mataki na 7: Rubutu, da tantance dabbobi

Layi ɗaya ga kowace dabba, gurbi ɗaya ga kowace rana, a rubuta P (firo'istiros), E (istiros), M (metistiros) ko D (dayistiros) nan take a gaban madubi. Ana ƙirga tsawon zagaye daga istiros zuwa istiros na gaba. Mai kwana 4 za ta ba ku P, E, M, D. Mai kwana 5 takan ƙara D ɗaya ko E ɗaya, kuma wannan lafiya ce.

Kafin a ba kowace dabba magani, a bi ta aƙalla kwana 14, a ga zagaye uku a jere masu tsari. Wadda ba ta da tsari a cire ta tun yanzu. Wanda ya tsallake wannan ba shi da abin da zai kwatanta sakamakonsa da shi. Shekaru ma suna da tasiri: farjin babbar ɓera yana buɗewa ne bayan ta haura wata ɗaya da haihuwa, zagayen farko-farko ba su da tsari, haka kuma idan ta doshi shekara ɗaya sukan fara rikicewa. Wanda ya sayi dabbobi ba tare da sanin ranar haihuwarsu ba, nauyi kaɗai ba zai gaya masa ba.

Mataki na 8: Lokacin ba da magani

Rukunin da ba a ba magani ba dole a riƙe su, a ɗura musu ruwan da aka jiƙa maganin da shi, a ɗebi samfurinsu a awa ɗaya da sauran. Ku auna nauyin kowa sau biyu a mako, ku auna abincin da suka ci. Jiƙo mai ɗaci ko mai ɓata ciki yana sa dabba ta ƙi abinci, yunwa kuma ita kaɗai tana tsayar da zagaye. Idan nauyi ya faɗi tare da tsayawar zagaye, ba za ku iya cewa maganin ya taɓa homon, wato sinadaran nan masu tafiyar da zagaye, kai tsaye ba. In da hali, wanda ke duba gilashi kada ya san rukunin da ya fito, domin ido yana ganin abin da zuciya ke so.

Masu ɗibar jini don auna homon, su ɗiba a mataki ɗaya kuma a awa ɗaya. LH na la'asar ɗin firo'istiros ya ninka na safiyar ranar sau da yawa a jikin dabba ɗaya. Yanka duka dabbobi rana ɗaya don wa'adi ya cika, wasu a istiros wasu a dayistiros, sannan a haɗa lissafinsu, ɓarnar kuɗin kayan gwaji ce.

Mataki na 9: Tabbatar da fitar ƙwai da barbara

Ganin gilashi cike da busassun ƙwayoyi shaida ce cewa istirojin ya yi aiki, ba shaidar fitar ƙwai ba ce. Dabbar da ta yi kwanaki a jere a istiros galibi jakunkunanta sun girma ne sun ƙi fashewa. Mai son tabbaci sai ya duba bututun mahaifa da safiyar istiros, bayan an kashe dabbar ta hanyar da kwamiti ya amince, a gaban ƙwararre: za a ga wani sashe ya kumbura, a tsaga shi a ƙirga ƙwan. Ko kuma a yanka gidan ƙwai a nemi sababbin rawayen ƙullutai.

Idan barbara ake so, a kai macen da ke firo'istiros kejin namiji da yamma. Da safe a ɗebi samfur a nemi maniyyi. A ƙaramar ɓera ana ganin farin toshi a ƙofar farji, a babba kuwa toshin yakan faɗo ƙasan keji, don haka madubi ya fi tabbas. Ku bayyana a rahoto ko ranar kuka kira rana ta 0 ko ta 1, ku tsaya a kai. Cikin babbar ɓera kwana 21 zuwa 23 ne, na ƙarama 19 zuwa 21. A raba namiji kafin haihuwa, don mace tana sake fitar da ƙwai cikin kwana guda bayan ta haihu.

Tsaron lafiyarku

Cizo yana faruwa. A wanke da sabulu da ruwa mai gudu nan take, a sanar da mai kula da ɗaki, a je asibiti a duba batun allurar tetanos. Fitsari da gashin ɓera suna jawo wa wasu atishawa, ƙaiƙayi, har da asma, shi ya sa takunkumi da safar hannu ba ado ba ne. Ba a ci ba a sha a ɗakin. Metanol guba ne, yana makantarwa, yana kuma kama wuta.

Kada wani ya kamo ɓeran gida ko na gona don ya rage kuɗi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ɓeran daji mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da shi, ta fitsari da kashinsa kuma yake yaɗuwa. A toshe ramukan ɗakin, a sa raga a taga, a zuba abincin dabbobi a mazubi mai murfi, domin buhun da aka jingine a lungu shi ke gayyato ɓerayen waje. Gawar dabba da shimfiɗar keji a ƙulle su a leda a kai wurin ƙonawa na makaranta, kada a jefa a bola.